Rijiyar da ke Jikin Atamfa

Na fi shekara guda ina ɗaura atamfar nan ban taɓa tsayawa na dubi abin da aka buga a jikinta ba. Koriya ce mai ratsin ruwan goro, ita aka yi anko da ita ranar da aka ba garinmu ƙaramar hukuma. Abin da na sani kawai tana karɓata, kuma akwai wani tambari da aka jera a jikinta sahu-sahu. Sai a Jidda, a wani ɗaki na hawa na biyu a unguwar Ammariyya, ranar da na fara zuwa gaishe da kawuna, idona ya sauka a kan tambarin nan.

Lokacin watana biyu da zuwa, a shekarun casa'in. Mijina yana aikin gwajin jini a wani asibiti, muna zaune a Aziziyya. Na zo da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya kuwa rabinsa littattafan soyayya ne da na tara tun ina makaranta. Da safe idan ya fita sai in kunna na'urar sanyaya ɗaki, in kwanta in karanta yadda wani saurayi ya bar garinsu saboda an hana shi masoyiyarsa. Na karanta irin wannan ya fi a ƙirga, kuma kowane sai na yi hawaye.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya tafi aikin Hajji ina goye a baya, bai sake komawa ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da mata, yana haya a gidan wata dattijuwa haifaffiyar Jidda wadda kowa ke kira Khala. Kakanninta ne suka zo daga ƙasar Hausa a ƙafa, ita kuwa ko filin jirgin Kano ba ta taɓa gani ba. Da muka shiga na cire abaya na durƙusa. Kawu dogo ne siriri, da furfura a gemu, tafin hannunsa fari fat kamar na mai wanki. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Uwata, ke ce kika girma haka?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun daga ranar bai taɓa kirana da wani suna ba.

Tsarabar da mahaifiyata ta ba ni in kai masa, a ragowar ƙyallen atamfar na ƙulle ta: daddawa, garin kuka, kilishi. Na kwance na shimfiɗa a kan tabarma. Bai ko kalli kilishin ba. Ya zare ƙyallen daga ƙarƙashin kayan, ya kakkaɓe, ya matsa kusa da taga.

"Wannan fa?"

"Tambarin ƙaramar hukumarmu ne, Kawu. An ba mu."

"An ba mu," ya maimaita a hankali.

Na matsa na leƙa ta gefen kafaɗarsa, a ranar na gan shi sosai. Siffar garkuwa ce. A sama bishiyar kuka, a hagu damin gero, a dama rijiya da guga rataye a jikin gwafa, a ƙasa fartanya biyu an gicciya su. Tsuntsaye biyu masu ɗigo-ɗigo sun tsaya gefe da gefe kamar su suke riƙe da garkuwar.

Khala ta shigo da shayi, ta ajiye, ta sa tabarau.

"Esh hada, mene ne wannan, ya Hajji? Wannan itacen a juye aka dasa shi?"

"Kuka ce. Miyar da kike sha kina lashe hannu, ganyenta ne."

"Itace ba ganye, ba dabino, sai ƙaton ciki. Waɗannan kajin kuma ƙyanda suka yi?"

"Zabbi ne, Khala," na ce ina danne dariya.

"Miskinai. A kai su asibitin mijinki."

Kawu bai kula ta ba. Ya ɗora yatsa a kan kukar ya ce ta bakin kasuwa ce, mai kogo, inda wanzamai ke zama. Geron kuma ya ce maiwa ce, a duba tsawon zangarniyar. Fartanyar ya ce irin ta maƙeran unguwar gabas ce, mai gajeriyar ƙota. Kowane abu sai da ya ba shi gida da unguwa. Da yatsansa ya iso kan rijiyar sai ya tsaya a wurin. Daga ƙasa ana jin mai gas yana ƙwanƙwasa tukunyarsa yana wucewa.

"Uwata," ya ce, bai juyo ba. "Wannan ta Baba ce?"

Na san kakana mahaƙin rijiya ne, na san an ce ya haƙa wata a bakin kasuwa. Iyakar sanina ke nan. Ni ruwan 'yan garuwa na tashi ina sha. Amma ga dattijo a bakin taga, hasken la'asar a gefen fuskarsa. A duk littattafan da na karanta, irin wannan tambaya amsa ɗaya gare ta.

"Ita ce, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Juma'ar da ta biyo muka tarar ya kafa ƙyallen a bango da ƙusa huɗu, daidai inda yake fuskanta idan ya kwanta.

Daga nan zuwa Ammariyya ya zama mana al'ada. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai mu sayi shinkafa buhari mu tafi. Mijina da Kawu su taɓa hirar duniya, sannan Kawu ya juyo gare ni ya ce, "To, ba ni labarin rijiya." Ni kuwa in ba shi. Na ce an yi mata bakin siminti. Wani makon na ce ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Wani makon kuma na ce yanzu duk amaryar da aka kai ɗaki, ruwan farko da za ta dafa wa miji abinci da shi daga can ake ɗebo mata. Wannan na ƙarshen har ni kaina ya burge ni, na dawo gida ina ganin 'yan mata a jere da tuluna, rana na faɗuwa a bayan kuka.

A mota mijina ya ce, "Amarya, wannan al'adar ta amare, yaushe aka fara ta? Don ke ban ga an ɗebo miki ba."

"Kai ba ɗan garinmu ba ne."

"Haka ne. Amma ki yi a hankali da tsohon nan. Ba littafi ba ne."

Na juya fuska ina kallon fitilun shaguna. A raina na ce mai gwajin jini me ya sani game da zuciya.

Sana'ar Kawu wankin khazzan ce, wato tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da kowane gida a Jidda yake da shi. Sau ɗaya na ga yana aikin, a gidan Khala. Ya ɗaga murfin ƙarfe a tsakar gida, ya naɗe wando, ya yi bismillah, ya bi tsani ya ɓace cikin duhu da bokiti da buroshi. Sai muryarsa kawai ke fitowa, ta yi kauri kamar daga cikin tulu. Na zauna a bakin ramin tare da Khala, na ga dama ta samu.

"Khala, don Allah wace ce?"

"Wa?"

"Wadda aka hana Kawu. Wadda ta sa ya bar gida, ya ƙi aure."

Ta dube ni ta saman tabarau, sannan ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Ya binti, littattafai sun cinye miki kai. Wace mace? Wannan da ko gaisuwa sai an roƙe shi?"

Ta rage murya, ko da yake ƙarar buroshi ta cika ramin. Ta ce shekara goma sha biyar yana gidanta, sau ɗaya ya taɓa faɗa mata, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a haƙar rijiya. Shi kuwa yana saurayi, ya tsaya a gaban mutane a bakin kasuwa ya ce ba zai ƙare rayuwarsa a rami kamar gafiya ba. Tsohon ya ɗauki kayan aikinsa ya shiga gida. A shekarar Kawu ya biyo alhazai. Kafin ya tara abin da zai koma da shi ya nemi gafara, aka aiko masa tsohon ya rasu.

"Shufi, duba," ta ce, tana nuna ramin da haɓa. "Ya gudo daga rami ɗaya, ya zo yana shiga ramin kowa. Kullum cewa yake ba abin da ya rage masa a can da zai koma ya tarar. Amma tun da kika kawo ƙyallen nan ya fara tambayar yadda ake komawa."

Sai a lokacin na gane abin da nake wasa da shi. A wurin Kawu, idan gari ya ɗauki rijiyar mahaifinsa ya sa a tambarinsa, to aikin da ya raina a bainar jama'a bai mutu ba, akwai inda zai je ya tsaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban ma san ko rijiyar tana nan ba.

A wancan zamanin kaset muke aikawa gida. Mahaifiyata ba ta karatun boko, waya kuma sai a gidan wani ɗan kasuwa. Da azumi ya zo na shige ɗaki na naɗi kaset, na gaishe da kowa, a ƙarshe na roƙe ta ta binciko mini ma'anar duk abin da ke jikin tambarin, musamman rijiyar. Ban faɗa mata dalili ba. Na ba wata mata 'yar garinmu da ta zo umara. Ina ta addu'a amsar ta zo daidai da ƙaryata, don a littattafaina haka ake yi, abin da zuciya ta faɗa shi ke tabbata.

Abin da na manta shi ne, kaset ɗin gida ba a kai wa yaro idan da babba a gari. Alhajin da ya zo da amsar lokacin aikin Hajji bai nemi Aziziyya ba, kai tsaye Ammariyya ya nufa ya damƙa wa Kawu. Shi kuma Kawu ba zai saurari muryar gida shi kaɗai ba. Ya ajiye shi kwana huɗu a aljihun rigarsa har Juma'a ta zo.

Muna gama cin abinci ya fito da shi. Khala ta kawo rediyonta ta ajiye a tsakiyar tabarma. Na ce ko a bari sai wani lokaci, kaina na ciwo.

"Muryar uwarki ai magani ce," in ji Kawu, ya danna.

Sallamar mahaifiyata ta cika ɗakin, da carar zakara a bayanta da ƙarar turmi daga maƙwabta. Ta gaishe da Yaya, ta gaishe da surukinta, ta gaishe da matar gidan da ba ta taɓa gani ba. Ta lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu. Kawu yana amsawa kamar tana gabansa: "Allah ya raya." "Allah ya jiƙansa, ashe ya tafi." Ni kuwa ina kallon zaren kaset yana juyawa ina jin kamar a wuyana yake naɗewa.

"Sai maganar atamfa da kika tambaya," in ji muryar. "Ke dai ba kya rabo da neman magana. Na aika an tambayo malamin zane na sakandare, shi ya zana abin. Ya ce kuka dai ta kasuwa ce. Gero kuma gero ne, me za a ce masa. Tsuntsayen nan ya ce jimina ya so ya zana, da aka kai wurin bugawa suka dawo zabbi."

Khala ta tuntsire da dariya. Mijina ma ya murmusa, amma idonsa na kaina.

"Rijiya kuwa, ya ce a littafin 'yan firamare ya gan ta ya kwafa, don a nuna muna da ruwa. In ta Baba kike nufi, ai an cike ta tun shekarar da aka shimfiɗa kwalta, kina 'yar ƙarama. Yanzu mai shayi ne ke kafa teburinsa a wurin."

Khala ta miƙa hannu za ta kashe rediyon, Kawu ya ce, "Bar shi." Ban iya ɗaga kai ba. Ina kallon wata ƙwayar shinkafa a kan tabarma, ina jin zakaran garinmu yana ta cara abinsa.

Mun ɗauka ta gama. Sai ta yi gyaran murya.

"Yaya, na san kana ji. Yarinyar nan ba ta damu da rijiya ba, ko guga ba ta iya ja ba. Kai ne ke tambaya ta bakinta. To rijiya ta tafi. Amma dagin Baba na haƙar rijiya yana nan a ƙarƙashin gadona. Da ciwo ya tsananta ya ce in ajiye maka, ya ce za ka zo. Ban taɓa faɗa maka ba don kar ka ce gori nake maka. Shekara nawa ke nan ina shafa masa mai kar ya yi tsatsa. Ni fa na gaji da ajiya, Yaya, gwiwata ba ta son durƙuso. Kuma na gaji da yi wa rediyo magana. In za ka zo ka karɓi kayanka, ka zo."

Daga nan ta koma kan maganar wata akuya da ta shiga gonar maƙwabci, har kaset ya ƙare da kansa.

Na rarrafa na je gabansa. Kuka ya hana ni haɗa magana, sai "Kawu ka yafe mini" nake ta maimaitawa.

"Tashi, Uwata. Uwa ba ta durƙusa wa ɗa."

"Ƙarya na yi maka. Tun ranar farko ban sani ba."

"Na san kina ƙari," ya ce. "Tun ranar amare na sani. Ruwan rijiyar Baba zartsi ne, na wanki ne da dabbobi. Amaryar da ta dafa tuwo da shi, a ranar za a mayar da ita gidansu."

Khala ta yi dariya da hawaye a fuskarta. "To don me ka bar ta tana zuba, ya shekh?"

"Tana da daɗin labari." Ya ɗaga kai ya dubi bango. "Amma na ɗauka tana nan. Wannan kam na ɗauka."

Ya nemi a mayar da kaset baya, daidai wurin dagi. Sau uku aka mayar. A na ukun ya tashi ya shiga banɗaki, muka ji ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba, mutumin da ke faɗa idan an zubar da kofi ɗaya.

Bayan alhazai sun watse ya ce zai tafi. Mijina ya zauna da shi ya faɗa masa gaskiya: wanda ba shi da takardu hanyarsa ɗaya ce, ya miƙa kansa a tarhil, inda ake tara masu komawa gida, ya jira har a sa shi a jirgi, kuma da wuya ya sake shigowa.

"Na sani, ɗana. Shekara nawa ina raka mutane."

Khala ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Ranar tafiya ta fito da jaka cike da dabino da gurasa da sabuwar jallabiya, ta dangwarar a gabansa.

"Halas, shi ke nan, tafi. Tafi wurin kajinka masu ƙyanda. Wa zai wanke mini khazzan?"

"Na yi wa wani Bayamale magana."

"Ba na so. Ba ya bismillah da ƙarfi."

Ta juya ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Na buɗe baki zan ce wani abu, don a ganina ko makaho ya ga son Kawu take yi, mijina ya taka mini ƙafa.

Mako uku bayan nan aka kira mu daga gidan ɗan kasuwar nan. Mahaifiyata ce. Ta ce Kawu ya iso da rana tsaka, ya tsaya a zaure yana sallama kamar baƙo, ita kuma ta fito ta ce wa yake nema, sai da ya yi dariya ta gane haƙoransa.

Mun ƙara shekaru a Jidda, muka koma unguwar Safa da yara suka fara makaranta. Duk zuwan da na yi gida ina tarar da Kawu a ɗakin da ke kallon na mahaifiyata. Ya karɓi dagin, sai dai bai haƙa sabuwar rijiya ba, ƙarfin ya wuce. Amma duk bazara, idan rijiyoyin unguwa suka ja baya, shi ake kira ya yashe su. Da gwiwa ta ƙi, sai ya koma zama a baki yana ba masu shiga umarni, yana "yalla, yalla," wato a hanzarta, har mutanen gari suka riƙa tsokanarsa da kalmar. Da safe yakan je ya sha shayi a teburin nan na bakin kwalta, ya yi ta yi wa mai shayin ƙorafi cewa burodinsa bai kama ƙafar na Ammariyya ba. Mai shayin ya ce to ya koma mana, shi kuma ya ce sai ya ga bayansa.

Shekararsa goma sha ɗaya a gida. Ya rasu da damina, bayan azahar, ba tare da doguwar jinya ba. Mahaifiyata ta ce da safen ranar ma sai da suka yi faɗa, wai ta cika wa kokonsa tsami, ya ture kofin, daga baya kuma ya jawo ya shanye. An binne shi a tsohuwar maƙabarta, kabari huɗu tsakaninsa da mahaifinsa.